Rakiyar da Na Yi wa Salisu

Ranar da aka sallame ni daga wurin killace masu korona, a ƙarƙashin matakala na tarar da jakata, an ɗaure bakinta da igiyar shanya. Gadona kuma wani ɗan Nepal ne kwance a kai, yana kallona kamar ni ne baƙon. Wata bakwai ke nan da zuwana Doha. Ina aikin shara da goge-goge a wani ƙaramin kamfani, mu takwas muke kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Najma, kuma a cikin mutanen kamfanin nan mutum ɗaya na sani tun daga gida, shi ne Salisu.

Salisu ɗan unguwarmu ne a Zongon Kumasi, can Ghana, ɗan limamin masallacinmu. Shi ya samo mini aikin, shi ne kuma supabaiza a kaina. Mabuɗin sito biyu ne, ɗaya a hannunsa, ɗaya a nawa, don ni nake ɗauko wa ma'aikata kayan aiki da safe. A kwana sha huɗun da na yi ina tari kamar ƙirjina zai tsage, katan-katan na sanitaiza da takunkumi suka yi ƙafa daga siton nan, a lokacin da kowa ke neman su ido rufe. Salisu ya gaya wa manaja cewa ni na ba abokaina mabuɗi kafin motar asibiti ta ɗauke ni. Manaja bai kira 'yan sanda ba, bai kuma kira ni ya ji ta bakina ba. Ya dai ce khalas, aikina ya ƙare.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma Salisu ya riga ni kai labari gida, kuma ni na buɗe masa ƙofar da hannuna. Lokacin da nake kwance ban so mahaifiyata ta ji muryata a yadda take, sai na ƙi ɗaukar waya, na rubuta wa ƙanwata cewa ta ce wa Mma aiki ne ya yi mini yawa. Da shirun ya yi tsawo, Mma ta kira Salisu. Shi kuwa ya ce mata a hannun 'yan sanda nake, an kama ni da sata, shi ne ma yake ta roƙo a sake ni. Shi ɗan liman ne. Ni kuwa a Zongo an san ni da zafin kai, na taɓa fasa wa wani baki a tashar mota. Ba sai na faɗi wanda aka gaskata ba.

Da na kira ta, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Issaka, kai ka aiko cewa aiki ne. Yanzu ka ce asibiti. Salisu ya ce ofishin 'yan sanda. A cikin ukun nan wanne zan ɗauka?"

Na ce, "Mma, wallahi..."

"Kada ka rantse mini. Shekara talatin ina sayar da waakye a bakin masallaci, ba a taɓa nuna ni da baki ba sai bana. Kada ka sake kirana sai bakin da ya faɗa mini ya dawo ya ce ƙarya ya yi."

Na tura takardar asibiti. Mma ba ta karanta boko, ta ce takarda kowa ma yana iya bugawa.

Kwana uku ina yawo da jaka a Najma, inda rana ta ƙwalle in fake, inda aka kore ni in matsa gaba. A rana ta uku da azahar na zauna a bayan wani ɗan gidan abinci, don na'urar sanyaya ɗakinsu tana ɗigo da ruwa, wurin da ɗan sanyi. Lokacin an hana zama a ci a ciki, sai dai a saya a tafi. Wani dattijo siriri ya fito zubar da shara, ya dube ni, ya dubi jakar, ya ce, "Amahoro." Ban san me yake nufi ba, sai na amsa da sallama. Ya yi murmushi ta bayan takunkumi, ya yafuto ni.

Ya zaunar da ni a kan buhun shinkafa a kicin, nesa da shi kaɗan. Ya kawo buta da kwano, shi da kansa ya zuba mini ruwa na wanke hannu. Matarsa ta ajiye mini wake da ayaba dafaffiya da miyar ganyen rogo. Na buɗe baki zan fara bayani da guntun Turancina, ya ɗaga hannu ya nuna mini kwanon. Sai da na cinye, na sha shayi mai citta kofi biyu, sannan ya gyara zama ya ce, "To, yanzu maganarka."

Sunansa Mzee Juma, mutumin Burundi ne, matarsa Mama Zaituni. Daga baya ya fahimtar da ni cewa a wajensu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi da yunwa a cikinsa. Sai ya ci ya sha, sannan a yi abin da suke kira ijambo: mai gida ya miƙe ya yi jawabi, baƙo ya miƙe ya mayar, kuma duk wanda yake tsaye ba a katse shi, ko da shirme yake faɗa. Ranar na miƙe a cikin kicin ɗin nan na yi magana ta kusan awa guda, ina yi ina kuka kamar ba ni ne mai fasa baki a tasha ba. Tun da abin ya faru shi ne mutum na farko da ya bar ni na kai ƙarshen zancena.

Ya ba ni katifa a ɗakin ajiya. Ya yi ta zarya wajen kafil ɗinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a wajen hukuma, har takarduna suka dawo ƙarƙashin gidan abincin. Na fara da wanke-wanke, na koma yankan albasa, na koyi tuƙa tuwon rogonsu har Mama Zaituni ta daina karɓe muciya daga hannuna. Su kuma na koya musu waakye, shinkafa da wake irin na Mma, wanda ake dafawa da ganyen dawa har ya yi ja. 'Yan Ghana suka fara zuwa saye. Na ce wa Mzee duk wanda ya tambayi mai dafawa a ce ɗan Burundi ne. Ban so kowa daga Zongo ya ga fuskata.

Shekara biyu da 'yan watanni na yi a bayan labulen kicin ɗin nan. Sallah biyar ta wuce ni ban ji muryar uwata ba, sai abin da ƙanwata take gaya mini a ɓoye. Kada wani ya ɗauka alherin mutanen nan ya sanyaya mini zuciya. Ya dai ba ni ƙarfi. Kiwon fushina na yi kamar ragon layya, kullum sai na ba shi abinci. Ina jin labarin Salisu a bakin masu saye: an ƙara masa girma, ya kama ɗaki shi kaɗai a unguwar Al Wukair, ya yi tumbi. In ina daka barkono, fuskarsa nake gani a cikin turmin.

Sai ga gasar cin kofin duniya. Najma ta cika da tutoci da ganguna, ba ma rufe tukunya ɗaya sai mun ɗora wata. Wata rana na ji wani direba ɗan Kumasi yana cewa Alhaji Tanko ya zo kallon ƙwallo, a ɗakin Salisu ya sauka. Alhaji Tanko aminin marigayi mahaifina ne, shi ya raɗa mini suna, kuma Mma ba ta ƙetare maganarsa. Na sa Mzee ya ce wa direban gidanmu yana gayyatar dattijon da mai masaukinsa cin abinci bayan sallar Juma'a, ranar da Ghana za ta kara da Uruguay. Na san Salisu. Wurin da za a girmama shi a gaban mutane ba ya wuce shi.

Da safiyar Juma'ar Mzee ya same ni ina wasa wuƙa fiye da yadda albasa take buƙata. Ya ce, "Ɗana, me ka shirya wa baƙina?"

Na gaya masa gaskiya. Zan kulle ƙofa, in shaƙe wuyan rigar Salisu a gaban Alhaji, ba zan sake shi ba sai ya faɗa.

Ya karɓi wuƙar ya ajiye a kan kanta. Ya ce, "Da sunana aka gayyace su. Wanda ya wanke hannu a gidana, nawa ne har ya isa inda za shi. Kai ma da haka ka shigo. Kai za ka zuba masa ruwan wanke hannu."

"Mzee, wannan mutumin ya raba ni da uwata."

"Na sani. Shi ya sa yau zan ba ka ijambon gidan nan. Amma ka sani, a cikinsa ba a zagi. Godiya ake yi."

Na ji haushinsa sosai a lokacin, har na ce a raina dattijon nan ya fiye son tsari.

Suka iso wajen ƙarfe ɗaya, su biyu da wasu 'yan Zongo huɗu da suka biyo su, kowa da rigar Ghana a kan kaftani. Na fito da buta. Alhaji Tanko ya kalle ni, ya cire tabarau, ya ce, "Issaka? Kai ne?" Na durƙusa na gaishe shi. Da na zo kan Salisu, hannunsa ya miƙo ba tare da ya ɗago kai ba. Na zuba masa a hankali, na miƙa masa tawul. Ya ce, "Chale, kwana biyu," irin kiran da abokai ke yi wa juna a Ghana. Na ce, "Kwana biyu, Salisu. Ci abinci." Na cika masa kwano har da ƙarin nama. Kowa ya suɗe hannu ban da shi.

Bayan shayi Mzee ya miƙe ya yi musu maraba, ya bayyana musu al'adar, ya ce ɗansa zai yi magana a madadin gida. Na miƙe. Na gode wa Allah, na gode wa Mzee da Mama Zaituni, na ba da labarin buhun shinkafar da na zauna a kai. Sannan na ce, "Ina kuma gode wa ɗan'uwana Salisu. Ranar da korona ta kwantar da ni, shi ya kira motar asibiti. Shi ya riƙe ni muka sauko daga bene. Da na ce masa ga mabuɗin sito a aljihuna, shi ya karɓa ya ce in kwantar da hankalina. Ban taɓa samun damar gode masa a gaban manya ba sai yau." Na zauna.

Alhaji Tanko yana wajen Mma ranar da Salisu ya gaya mata zancen 'yan sanda a waya, ƙanwata ta gaya mini. Mzee ya ce yanzu sai baƙi su mayar. Alhaji ya ce, "Salisu, kai aka ambata. Tashi."

Ya miƙe. Ba wanda ya katse shi, kuma wannan ne ya fi yi masa wuya. Ya ce lokacin korona lokaci ne na ruɗani. Ya ce an samu rashin fahimta. Ya ce duk mu 'yan'uwa ne, Shaiɗan ne yake shiga tsakani. Ya yi ta zagaye yana jiran wani ya cece shi da tambaya ko da faɗa, ba wanda ya tanka, har maganar ta ƙare masa a baki ya zauna.

Na zuba wa Alhaji ido. Ya gane, na ga ya gane. Amma a ɗakin Salisu yake kwana, kuma liman, mahaifin Salisu, abokinsa ne. Ya yi gyaran murya ya ce, "To, alhamdulillahi. Abin da ya wuce ya wuce. In na koma gida za mu san yadda za a yi, a rufa wa juna asiri. Yalla, mu tafi, kada mu makara kallon ƙwallo."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Asirin wa za a rufa? Nawa da yake a buɗe a bakin masallaci shekara biyu? Na koma kicin ina huci, na ce wa Mzee ga abin da tsarinsa ya jawo mini. Ya ɗauko ledoji biyu da Mama Zaituni ta ƙulle wa baƙi abinci a ciki, ya rataya mini ɗaya a kowane hannu. Ya ce, "Bai ƙare ba. A wajenmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai, ana taka masa. Mai rakiya shi ke ɗaukar kaya, kuma ba ya juyowa sai sun yi musabaha da baƙo da zuciya ɗaya. Ni ƙafata tana ciwo. Je ka."

Ban sani ba ko ya san abin da ya ba ni. Har yau ban tambaye shi ba.

A bakin titi Salisu ya juyo ya miƙo hannu. "To Issaka, mun gode. Koma haka nan." Na ɗaga masa ledojin, na ce hannuna a cike yake. Muka ci gaba. A bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mansoura ya sake cewa, "Massa, kawo kayan, ka koma aiki." Na ce mai gidana ya ce in kai baƙi, ni kuma ɗan aike ne. Muka sauka ƙasa tare.

A Msheireb muka canja jirgi zuwa Wakra, inda filin wasan yake. Taragon a cike yake maƙil da 'yan Ghana, ana kiɗa ana rera waƙa, kowa yana zancen ramuwar abin da Uruguay ta yi mana a kofin duniya shekara goma sha biyu baya. Na tsaya daf da Salisu, kafaɗa da kafaɗa. Ba a daɗe ba wani ɗan unguwarmu ya hango ni. "Issaka, ashe kana ƙasar nan? Mun ji an ce an ɗaure ka." Na ce, da murya yadda kowa zai ji, "Ga Salisu nan, shi ya san komai. Tambaye shi." Mutumin ya juya wajen Salisu. Salisu ya duƙufa a kan wayarsa.

A tasha ta gaba wasu suka shigo, aka sake tambaya, na sake ba da amsar. Sau huɗu aka yi haka kafin mu wuce mararrabar filin jirgin sama. Ban zage shi ba ko sau ɗaya, ban taɓa shi ba. Masu ganga na kusa da mu suka daina kiɗa. 'Yan Zongon nan huɗu da suka ji ijambona suna ta raɗa wa na kusa da su, ina ganin labarin yana tafiya daga kujera zuwa kujera. Gumi ya jiƙe wa Salisu riga a cikin sanyin jirgin nan. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, daɗin da ban ji irinsa ba tun da na zo ƙasar.

Ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Wai me kake so ne? Ina da 'ya'ya uku. Da sun gano ni ne, kora ta za su yi. Kai ka riga ka kwanta, na ɗauka gida za su mayar da kai. Ka yafe mini don Allah."

Na ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Yau in filin wasa za ka, ina bakin ƙofa har a tashi. In Al Wukair za ka, ina bayanka. Gobe ma hutuna ne."

Da muka fito a Wakra, jama'a suka nufi motocin da ke kai mutane filin wasa. Alhaji Tanko ya tsaya cak. Shi ma idanun mutane sun ishe shi. Ya ce, "Salisu, ni ba zan shiga filin nan da wannan yaron a bayana ba. Kira Hajara, uwar yaron nan."

"Baaba, bari mu..."

"Kira ta yanzu, ka buɗe muryar kowa ya ji."

A Kumasi lokacin an sauko daga masallaci ke nan. Na ji ƙarar kwanuka da hayaniyar masu saye kafin in ji muryarta. Ta tsufa a murya. Ta gaishe shi da fara'a, ta tambayi aiki, ta sa masa albarka, kuma wannan albarkar ta ƙona ni fiye da duk abin da ya gabata.

Salisu ya fara zagaye. Alhaji ya ce, "Faɗi kai tsaye." Sai ya faɗa. Ya ce Issaka bai taɓa shiga hannun 'yan sanda ba, asibiti yake. Ya ce mabuɗin yana hannunsa. Ya ce shi ya kwashe kayan ya sayar. Mutum kusan ashirin ne tsaye a kanmu, wasu da fenti a fuska, ba mai motsi.

Ƙarar kwanukan ta tsaya. Can sai ta ce, "Yana kusa da kai?"

Salisu ya ce, "Yana nan, Mma."

"Ni ba Mmarka ba ce. Ba ni ɗana."

Na ajiye ledojin a gaban ƙafafunsa, na karɓi wayar. Ya tsaya da hannunsa a miƙe yana jiran musabaha. Na juya masa baya na ce, "Mma, ga ni."